Baba Kyaftin, ga amsarka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin ɗaura takalmin makaranta Umma ta shigo ta ce Baba Kyaftin ya rasu.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai shi: ina so in tuƙa jirgin sama. Yanzu wanda ya sani ya tafi. Shi ya sa na ari wayar Yaya Maryam nake rubuta wannan.

Maƙwabcinmu ne a Garki ta Abuja, bene ɗaya, shi a ƙasa mu a sama. Tsohon matuƙin ƙananan jirage ne, irin masu ɗaukar mutum kaɗan.

Ni ba na iya magana a gaban mutane. Ko a aji in malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale. Shi bai taɓa ce min "buɗe baki mana" ba. Sai ya ja min kujera, ya ɓare min lemo, mu zauna muna kallon sama. Ya nuna hadari ya ce, "Hafsatu, wancan na wajen Nyanya, in ke ce ke tuƙa jirgi, shiga za ki yi ko kaucewa?" In na yi shiru sai ya yi dariya, ya miƙo min wani ɓarin lemon.

Wasu tsofaffin unguwa suna kiransa Kyaftin Ribas. Na ɗauka wasa ne kawai, sai da Abba ya ba ni labari.

Lokacin da gwamnati take tasowa daga Legas zuwa Abuja, Abba ƙaramin ma'aikaci ne mai riƙe wa ogansa jaka. Wata rana da damina suka taso daga Kaduna zuwa Abuja a jirgin Baba Kyaftin, ogan yana sauri ya riski taro. Sun kusa isowa hadari ya tare gabansu, baƙi ƙirin, jirgin ya fara tsalle kamar mota a kan gargada. Baba ya ce zai juya. Ogan ya hau faɗa, wai ga duwatsun Abuja can ana hangowa, in ya juya to a bakin aikinsa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasa kai ne oga. A nan sama ni ne." Ya koma Kaduna.

Ogan ya rasa taron, Baba ya rasa aikin, sunan kuma ya bi shi har tsufa. Abba ya ce iskar ranar har rufin gidaje ta yaye. Ya ce min, "Allah ne ya tsare, amma ta hannunsa. Da ba don haka ba, da ba a haife ki ba."

Satin da ya wuce na kai masa kunu, yana kwance, ya rame sosai. Ya ce, "Kyaftin ƙarama, tuƙi kowa zai iya koya. Amma in babba ya daka miki tsawa ya ce ki ci gaba, ke kuma kin ga hanya ba kyau, me za ki yi?"

Na san amsar. Amma akwai baƙi a ɗakin, sai na sunkuyar da kai ina wasa da gefen hijabina.

Ya ce, "Ba komai. Ki kawo min in kin shirya."

Na ɗauka akwai sauran lokaci.

Baba, zan juya. Ko waye ya yi tsawar.

Kuma yau in Abba ya dawo daga maƙabarta, zan faɗa masa abin da nake so in zama. Da bakina, ba ta bakin Umma ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sauke ka lafiya a Aljanna kamar yadda ka sauke Abbana lafiya. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.