Sannun Tsoho Mai Birai

Da an sallame sallar asuba a ɗan masallacin layinsu na unguwar Hindawiyya a Makka, Malam Mukhtaru ba ya tsayawa hira. Ba ma wanda ke kiransa Mukhtaru. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa tun yana goye ake ce masa Tsoho, har tsufan ya zo ya tarar da sunan yana jiransa. Yakan karya da gurasar tamis da waken ful a tsaye, ya biya shagon wani ɗan Yaman ya auni dabino mai laushi, sannan ya fita bakin titi jiran motar ma'aikata. Motar takan ɗauki hanyar Jidda har ta wuce iyakar Harami, ta ratse cikin duwatsu zuwa wani farin gini da ba shi da allo a ƙofa. Cibiyar bincike ce, inda ake gwada magunguna da alluran rigakafi a jikin birai kafin a yarda a sa wa ɗan Adam. A can Tsoho ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a can kuma ya bar muryarsa.

A majalisarmu ta titin Mansur ba irin tsiyar da ba a yi masa ba. Akan ce kakanninsa sun ratso Chadi da Sudan a ƙafa, sun binne 'ya'ya a hanya don su ga Ɗakin Allah, shi kuwa jikan kullum safiya sai ya ba Makka baya ya tafi kwasar kashin biri. Ba ya fushi. Sai ya kurɓi shayinsa ya ce mu a karin magana muka san biri ya yi kama da mutum, shi kuwa ya ga biri yana zaman makoki. Daga nan sai ya sauya zance, don ba mai ba da labarin aikinsa ba ne. Abin da zan faɗa, daga bakin waɗanda suka yi aiki da shi na ji.

Da tsintsiya da tiyo ya fara. A lokacin kowane biri kejinsa daban, ba ɗan'uwan da zai duba masa gashi, ba abin wasa. In za a ɗebi jini akwai wani keji da ake kira kejin matsi. Bangonsa na baya ake janyowa da ƙarfe har birin ya manne da raga, ba motsi, sai ido da kururuwa. Ba mugunta ce ta sa ba, haka aka san aikin a wancan zamani. Amma Tsoho ne ke shiga bayan kowa ya fita, shi ke ganin abin da ya rage: wanda ya tsige gashin cinyarsa tas, wanda ke zagaya keji tun safe har la'asar, wanda ke cizon hannun kansa. Sau da yawa yakan koma gida ya kasa cin abinci.

Dakta Nawaf, likitan dabbobin cibiyar, shi ya dawo daga karatu da sabuwar hanya. Ya ce ana iya koya wa biri ya miƙo hannu da kansa in aka bi shi da lada maimakon ƙarfi, kuma jinin da aka ɗiba ba cikin firgici ba ya fi faɗin gaskiya. Abin da ake bukata kawai mutum ne wanda ba ya gajiya da jira. Bai yi dogon nema ba. Suka fara haɗa biran biyu-biyu, Tsoho na zaune a kan bokiti yana lura da wa ke jituwa da wa. Ya riƙa ɓoye gyaɗa cikin kwali da garin katako don su wuni suna tono maimakon tsigar jikinsu. Cibiya ta ba su lamba, shi ya ba su sunan rana. Wadda aka kawo ran Talata ta zama Talatu, akwai Ɗanjuma, akwai Asabe.

Da Talatu aka fara, wata 'yar birinya mai tsoro da ko tari aka yi sai ta haye saman keji. Aka maƙala bututun roba a jikin raga. Da farko in ta kalle shi ma sai a ba ta gutsuren dabino. Daga baya sai ta taɓa. Daga baya sai ta zura hannu ta kama ɗan ƙarfen da ke ƙarshensa. Wata da watanni ana haka, yau gaba gobe baya. Ranar da allura ta fara shiga fatarta ta zabura, amma ba ta janye ba. Sai kalmar ta kuɓuce wa Tsoho ba shiri, yadda take kuɓuce wa kowane Bahaushe in wani ya yi tuntuɓe a gabansa: "Sannu." Tun daga ranar ya mayar da ita doka. Kafin duk abin da zai yi zafi zai ce sannu, bayansa kuma dabino. A ɗakin nan kowa riga iri ɗaya yake sawa, da hula da takunkumi da tabarau, fuska ba ta ganuwa, don haka da murya biran suka san shi. Kejin matsi kuwa aka tura shi ƙarshen baranda aka rufe da leda.

Kai ne, Tsoho mai dogon jira, ka sa aka rufe kejin nan. Kai ne ba ka taɓa ce wa dabba ba zafi alhali akwai zafi ba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka labarin daɗi nake ba shi. Wani binciken ba ya kammala sai an hutar da dabbar an duba cikinta. Yardar nan da Tsoho ya gina ita ake amfani da ita a ranar ƙarshe: biri ya miƙo hannu da kansa ga allurar da ba zai farka ba. Washegari kuma abokin kejinsa ya zauna a lungu ya ƙi ci, wato makokin da yake gaya mana ke nan. Dakta Nawaf ya sha ce masa ya ɗauki hutu a irin wannan rana. Ya ƙi. Ya ce wanda ya koya musu yarda ba shi da ikon ɓuya ranar da yardar ta kawo su nan. Abu ɗaya ya sauya. A ranar ƙarshe dabino ke fara zuwa, cikakke ba gutsure ba, sannan sannu, domin in ya bari sai bayan allura ya yi alkawarin da ba zai cika ba.

'Yan shekarun baya aka kawo Lujain, ma'aikaciyar jinyar dabbobi, 'yar unguwar Shisha. Jikar Hausawa ce, amma Hausarta ta bi kakarta kabari, abin da ya rage mata bai wuce gaisuwa ba. Da ta ji ana cewa biran nan Hausa suke ji, sai ta so ta burge dattijon. Ranarta ta farko ta tura ƙofa, ta ɗaga murya cikin fara'a ta ce, "Sannu, sannunku." Ɗakin ya yi tsit. Masu cin gyaɗa suka ajiye. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko, suka matso jikin raga, suka zuro hannuwa, suka kau da kai suna jira. Ta ce mini har yau in ta rufe ido tana ganin hannuwan nan.

Tsoho bai yi mata faɗa ba. Ya bi keji-keji, ya ɗan dangwali kowane hannu da tsinke, ya ba da dabino. Da ya gama ya ce mata da Larabci, "Ya binti, 'yata, a waje sannu gaisuwa ce. A nan alkawari ce, ba a faɗinta a banza."

Bara muryarsa ta fara dushewa. Muka ce mura ce, muka ce sanyin mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki. A mustashfa, wato asibiti, aka ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yanke, in an yanke kuma murya ta tafi ke nan. Washegari aka same shi a ƙarshen baranda yana kallon kejin matsi. Ya san in kalmar ta mutu a bakinsa ledar nan za a yaye. Sai ya roƙi likitocinsa su ɗan ɗaga masa ranar tiyata. 'Yarsa Tahani ta yi kuka ta yi faɗa, ta ce zai ba da ransa saboda birai. Gaskiyarta ce kuwa, nima abin da na gaya masa ke nan. Ya ce mu yi haƙuri, kaɗan ya rage.

Da ragowar muryar ya shiga miƙa wa Lujain kalmar. Su faɗa tare, tasa a sama tata a ƙasa, sannan ya riƙa janye tasa a hankali. Ƙananan birai suka karɓa. Ɗanjuma ya karɓa. Asabe ta yi gardamarta ta gaji, ta karɓa. Talatu ce ta ƙi. Ta tsufa, an daina gwaji da ita tuntuni, an bar ta ne don sababbi su koya da kallonta. In Lujain ta ce sannu sai ta juya mata ƙeya. Tsoho ya ce wa Lujain cikin raɗa kada ta damu, sai dai tana faɗin kalmar ne kamar mai amsa waya. Lokacin da likitoci suka ba shi ya ƙare, aka kwantar da shi aka yi aikin, Talatu ba ta miƙa wa Lujain hannu ba.

Yana gida yana jinya da ɗan ƙyalle a wuya, an riga an sallame shi daga aiki, sai ƙodar Talatu ta gaza. Ta daina ci, ta kumbura. Dakta Nawaf ya ce barinta a haka zalunci ne. Saura yadda za a yi: ko ta miƙo hannu da kanta, ko a yaye leda. Lujain ta kira Tahani ta gaya mata. Da hantsi sai ga Tsoho a tasi, da dabino a aljihu.

Suka sa masa riga da takunkumi. Ya tsuguna gaban keji ya miƙa dabino cikakke. Talatu ta karɓa ta riƙe, ba ta ci ba, tana kallonsa tana jiran murya. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, haka. Lujain ta ce sannu, birinyar ko kallonta ba ta yi ba. Daga baranda aka jiyo ƙarar leda.

Lujain ta ce mini a lokacin ne ta dubi dattijon ta ga kafaɗunsa na rawa. Ta manta da birinya, ta manta da allura. Ta tuna kakarta tana dafa mata goshi in zazzaɓi ya kama ta, da yadda tsohuwar ke jan kalmar a hankali. Da shi take magana da ta ce, "Sannu, Baba. Sannu." Talatu ta ɗago. Ta ja jiki zuwa bututu, ta zura hannu, ta kama ƙarfen, ta kau da kai. Aka sa allurar, Tsoho ya ɗora yatsansa a kan yatsunta har suka saki. Dabinon yana ɗaya hannun nata.

Da suka fito suka cire takunkumi, Lujain ta sake ce masa sannu. Tsoho ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙo mata hannu, ya kau da kai yadda biransa ke yi. Tana dariya tana kuka ta laluba aljihu ta sa masa gutsuren dabino a tafi.

Mun gode, Tsoho. Duk wanda ya taɓa naɗe hannun riga aka yi masa rigakafi, wani ɗan siririn hannu ya riga nasa, kuma akwai irinka a tsugune kusa da shi. Ba a rubuta sunanka a jikin kwalbar magani ba, ba kuma za a rubuta ba. Allah Ya sani, Shi zai saka maka, Ya ba ka lafiya, Ya sa abin da ka rasa ya zama kaffara. Ku kuma da Allah Ya ba ku iko a kan wanda ba zai iya kai ƙara ba, dabba ce, jariri ne, majinyaci ne, ku yi irin ta Tsoho. Ku faɗi gaskiya kafin zafi, ku cika alkawari bayansa, ranar ƙarshe kuma kada ku ɗauki hutu.

Yanzu yakan zo majalisa da yamma, ya zauna a wurinsa, ya sha shayi, ba magana. Ledar can tana nan a rufe, Lujain ce ke riƙe da ɗakin. In Allah Ya kai ka Hindawiyya ka gamu da wani dogon dattijo mai ƙyalle a wuya, ka tsaya ka ce masa sannu. Amma ka fara duba aljihunka tukuna, ka tabbata akwai dabino.