Askin Rabin Kai

Ni matsoraciya ce tun asali, ba na musu. A ƙauyenmu kusa da Dumega, ko guguwa ce ta taso da tsakar rana sai in ruga ɗaki in ja asabari, don an ce iskoki ne ke wucewa. Gidanmu gidan doguwa ne, iskar nan ta bori. Gwaggona, ƙanwar babana, ita doguwar ke hawa, kuma ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata, saboda haka duk abin da ta faɗa shi ne gaskiya a wurina.

Ɗana na fari ya rasu yana wata bakwai. Ɗan fari ne, kunya ta hana ni ko kiran sunansa. Da na haifi ta biyu, mace, gwaggo ta ce doguwar ta sa mini ido, duk abin da ta ga ina so sai ta ɗauke. Maganin abin shi ne a nuna mata ba a son yarinyar. Ran suna aka ɗora ta a kan juji, aka aske mata rabin kai aka bar rabi. Aka hana ni yi mata wasa. In zan ba ta nono sai in ɓata rai, in ce da ita mummuna, tarkacen juji. Shekara ɗaya da rabi na yi ina zagin 'yar da nake ji kamar in haɗiye ta don so.

Sau ɗaya tak na yi kuskure. A bakin rijiya ta yi mini dariya da 'yan haƙoranta, na manta, na ɗaga ta sama ina yi mata waƙa a gaban mata. Bayan kwana tara zawo ya tafi da ita. Gwaggo ba ta zage ni ba, ta dai ce ai an gan ni. Na yarda ni na kashe ta.

A lokacin maigidana yana aikin gini a barikin kumandan, Baturen mulki, a Dogon Dutsi, bayan an daina kwasar mutane aikin dole. A can ya ji wa'azin masu bin Yesu, ya karɓa, muka koma garin da zama. Aka yi mana baftisma tare, na shiga ajin mata na koyi karatu. Amma in faɗi gaskiya, bakina ne ya tuba, cikina yana nan da tsoronsa. Da na haifi na uku, namiji, da hannuna na aske masa rabin kai na rufe da hula, na ci gaba da zagin nan a ɓoye. Maigida ya yi mini magana sau biyu, na sa masa kuka, ya ƙyale ni. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya razana.

Masu bi ba mu da yawa, ran Lahadi a ƙarƙashin rumfar kara muke taruwa. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, da can ita ma 'yar bori ce, ta binne 'ya'ya biyar, ga baki kamar reza. Wata Lahadi da bazara yaron yana ta zufa a bayana, ta miƙa hannu ta cire masa hula. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa dariya ta yi, ta tambaye ni ko wanzamin kura ce ta kore shi bai gama aiki ba.

Da aka tashi ta rako ni gida, na ba ta labarin rijiya, abin da ko maigida ban taɓa faɗa wa ba. Da muka kai ƙofa ta ce, "Ɗiyata, doguwa aka ɓoye ma ɗa. Wanda yab ba ki shi ya san kina son shi tun ba ki haihe shi ba. Shi ba a yi mishi wayo, kuma ba shi bukatar a yi." Na ce to, na shiga na mayar wa yaron hularsa.

Ba a yi wata biyu ba baƙon dauro ya shigo unguwa. Yara uku aka fitar a layinmu cikin mako guda. Ɗana ya kwanta, jiki kamar garwashi, idanu ja, ya daina kama nono. Na kai shi wurin likita, aka ba mu ruwan magani aka ce in jira ƙurajen su fito. Maigida kuwa an tura su gyaran hanya wajen Tibiri. Ba na ci, ba na zama. Duk motsin da kaza ta yi a tsakar gida sai gabana ya faɗi. In na fara addu'a sai in ji ina lissafin ranar da wataƙila na yi wa yaron murmushi wani ya gani.

A rana ta huɗu da hantsi sai ga gwaggo a kan jaki, da baƙar kaza a hannu. Labari ya kai mata, ta taso tun asuba da tsufanta. Ta dubi yaron, hawaye ya zubo mata. Ta ce abu ɗaya ya rage: in ɗora shi a kan juji da hannuna, in faɗa da ƙarfi sau uku cewa ba nawa ba ne, ba na son shi, ita kuma ta yanka kazar.

Na ɗauke shi. Ba zan yi ƙarya in ce na yi gardama ba. Na bi ta bayan gida, rana ta take, na durƙusa a gaban jujin, ga toka ga kashin awaki. Na kwantar da shi, sai ya damƙe bakin zanena, ya buɗe jajayen idanun nan yana kallona. Gwaggo ta ce, "Hwaɗi mana, ɗiyata, mi kika jira?"

Na buɗe baki, sai 'yata ta faɗo mini a rai. Ranar da za ta cika, tana kan cinyata, abin da ta ji na ƙarshe daga bakina shi ne tarkacen juji. Na yi duk abin da aka ce, kuma ta tafi. In wannan ma tafiya zai yi, ashe da wannan maganar zan sallame shi?

Na ɗauke shi daga kan tokar na rungume. Na ɗaga murya na faɗa yadda maƙwabta za su ji. "Gwaggo, ɗan ga nawa na. Ina son shi. Kyakkyawa na. Yesu ya ba ni shi, in ya bar min shi na gode, in ya amshe shi hannunshi za shi, ba hannun doguwa ba."

Gwaggo ta toshe kunnuwanta, kazar ta kuɓuce. Ni ma na tsaya ina jiran abin da zai faɗo mana. Ba abin da ya faɗo, sai jakinta da ke cin kara a jikin darni. Na koma ɗaki na zauna da yaron a ƙirjina, na yi addu'a, na yi masa waƙar nan ta bakin rijiya. Ban san ko zai kai yamma ba, tsoron ma bai tafi duka ba, amma a karo na farko na ji ba ni ce ke riƙe da ransa ba.

Bayan kwana biyu ƙurajen suka feso, ya kama nono. Da ya warke na kira wanzami ya aske kan duka, tsohuwa mai daddawa tana zaune tana yi wa wanzamin tsiya. Gwaggo ta yi shekara ba ta tako gidana ba, daga baya ta sauko.

Na haifi huɗu bayansa, ƙaramar cikinsu ta rasu tana shekara biyu. Na yi kuka sosai. Amma ita da cikakken gashinta ta tafi, kuma ba ranar da ta wayi gari ban gaya mata ina son ta ba.