Allon Asibitin Yayata

Shekarun baya can, lokacin da jam'iyyu suka fara yawa a ƙasar nan, ni ne mai fenti a Agiye. Kowace jam'iyya tana son a zana mata alamarta a bango, aiki har ya yi mini yawa. Kaina ya kumbura, wallahi tafiyata ma sai da ta sake.

A lokacin ne yayata ta bar asibitin gwamnati bayan ta daɗe tana karɓar haihuwa, ta sami izini ta buɗe ɗan ɗakin duba marasa lafiya kusa da kasuwa. Ta ce mini, "Mutanena ba su yi lakol ba, ba su iya karatu ba. Yi mini hoton da za su gane." Na zana mata koren itacen gawo da mace zaune a ƙarƙashinsa, rungume da jariri. Kafin damina ta zagayo, ƙauyuka duk sun san "gidan itace".

Sai wani mai sayar da ƙwayoyi a faranti ya kama shago a layin da ke gaban nata, ya fara yi wa mutane allura. Ya same ni yana ta zuga ni, wai duk faɗin Maradi babu mai hannuna. Ya ce, "Irin allon yayarka nake so, amma kada ya zama shi." Ni kuwa sarkin wauta, yabo ya tafi da ni. Na zana masa kuka maimakon gawo, na juya fuskar macen hagu, na sa mata jan kallabi. Na ce ai makaho ma ya san daban suke.

Ran wata kasuwa wata mata ta taho daga wani ƙauye bayan Gazawa a amalanke, da ɗanta yana zawo da amai. A gidan itace, a hannun yayata, ta haife shi. Ta hango itace a allo, ta shiga. Mutumin ya ce mata likitar ta fita, ya danna wa yaron allura, ya ce ta koma gida. Ruwa yaron yake buƙata a ƙara masa. Kafin su kai gida ya cika.

Labari ya bazu cewa gidan itace ya kashe yaro. Ba wanda ya tsaya tambayar wane itacen.

Yayata ta kai ƙara buro, wato ofishin kwamandan gari. Kwamanda ya sa jandarma suka ciro allunan biyu, aka jingine su a bango, aka kira ni tunda ni na zana. Don in wanke kaina na miƙe ina zuba bayani: ga rassan gawo, ga kaurin kuka, ga kallabi. Bambanci bakwai na lissafa, ina yi ina kallon mutane kamar mai jiran tafi. Yayata tana zaune, idonta a ƙasa.

Kwamanda ya sa aka kife allunan, sannan aka shigo da uwar yaron. Ya ce, "Baiwar Allah, gidan da kika haihu, me ke jikin allonsa?"

Ta ce, "Itace ne kore, da mace da goyonta a hannu."

"Wanda kika kai yaron fa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ne."

Ya juyo gare ni. "Malam mai fenti, kai ka jera su kana dubawa da hankalinka kwance. Ita sau ɗaya ta ga na farko, tana naƙuda. Na biyun ta gan shi ɗanta yana mutuwa a hannunta. Wa zai tsaya ƙirga rassa?"

Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Aka rufe shagon mutumin, aka tafi da shi. Amma hukuncin buro bai kai ƙauye ba. Mata suka daina zuwa. Yayata kan share ɗakin da safe, ta tafasa almakashinta, ta zauna har la'asar ba ko mai sallama. Bayan kaka ta aiko kirana. Na tarar ta sauke allon.

Ta ce, "Shafe shi da fari. Ka shafe da kyau, kada wata ta gani ta shigo ta tarar ba kowa."

Na shafe tana tsaye a kaina. Ita ce ma ta riƙe mini gwangwanin fentin.

Abin da na gane, a makare, shi ne allon asibiti ba ado ba ne. Mutumin da ke cikin tashin hankali da abin da ya rage masa a ƙwaƙwalwa yake neman ƙofa, kuma wanda ya ce a yi masa mai kama ya san haka sarai. Ni ma na sani, yabo ne ya rufe mini ido.

Har yau abin yana ci mini rai. Yayata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko a cikin faɗa. Ni kuma kullum ina cewa sai na sami ranar da ta dace in roƙe ta gafara. Ina cikin neman ranar aka aiko mini ta rasu.