Gafakokin Malam Na Bayan Zurmi

Mun tashi daga Gusau da asuba, mu uku daga ɗakin karatu. Sabuwar jiha na son sanin littattafan da ke gidajen malamai, tunda an koma Shari'a. A Ƙauran Namoda muka karya da hoce, wani gurasar dawa mai tauri kamar zai cire haƙori. Daga nan hanya ta zama rami bayan rami har Zurmi, inda muka hau babura zuwa wani ƙauye.

Malamin da muka je wa tsoho ne makaho. Littattafansa rubutun hannu ne, warƙoƙi ba ɗinki, cikin gafakokin fata rataye a bango. Abin da ya ɗaure mini kai, da hannu yake karantarwa. Sai ya shafa gafaka, ya zura yatsu, ya zaro wa ɗalibi daidai inda aka tsaya jiya. Ya gaya mini kowace gafaka ta malami guda ce: wannan daga mahaifinsa ya karanta, waccan daga wani malamin Shinkafi, kuma jere suke yadda aka biya masa su.

Ina zaure muna wannan hira, ashe abokan tafiyata suna ɗaki suna aiki, don ɗansa ya ce su duba yadda suka ga dama. Da na leƙa, sai na tarar da abin da suka yi. Sun juye gafakokin kaf a kan tabarma, sun ware warƙoƙin yadda aka koya mana: fiƙihu nan, nahawu can, magani gefe, kowanne da lambarsa. Har sun mayar da su cikin gafakokin a sabon jeri, suna murna.

Bayan la'asar ɗalibai suka zauna. Malam ya zura hannu ya miƙa warƙa, mai karatu ya fara, sai aka ji wani littafi dabam. Ya sake zarowa, haka. Sai ya juyo inda muke ya ce:

"Ɗiyana, mi kunka yi min?"

Ya daɗe yana shafa fatar, sannan ya ce, "Na jima ba ni gani, amma yau na makance."

Mun dawo Gusau. Na koyi cewa kafin ka taɓa littafin mutum, ka tambaye shi yadda yake nemo shi. Asabar zan koma in riƙa karanta masa warƙa-warƙa, yana faɗin gidan kowace, in zai yarda in sake shiga ɗakin.