Bayan Labule Ba A Murmushi

Kafin fasinja na farko ya sa ƙafa a jirgin sama, Antin Labule ta riga ta zaga. Ta duba rigunan ceto, ta taɓa tukunyar ruwan zafi, sannan ta tsaya kallon yaranta, ma'aikatan cikin jirgi. Ba fuska take kallo ba, don a aikinsu murmushi ma cikin yunifom yake. Kafaɗa take kallo. Mai wannan rubutu, wanda hawa bene ɗaya ke sa shi neman kujera, har yau mamaki yake yadda mace ta tsufa a tsaye a sararin sama.

Aikin nan yana cin mutane. Waɗanda aka ɗauka tare da ita duk sun watse. Wasu ciwon baya ya kore su, wasu sun gaji da ganin 'ya'yansu ta waya, wasu kullum "ba ni da lafiya" har aka daina nemansu. Ita ta tsaya, ta kuma tsayar da wasu.

Auta, ƙaramar cikin yaranta, shaida ce. Wata rana sun wuni suna tashi suna sauka, sai wani fasinja mai tumbi ya zazzage ta don shayinsa ya huce. Ta ba shi haƙuri tana murmushi, a ranta kuwa ta gama yankewa: suna sauka ta bar aikin. Anti ta hango kafaɗar. Ta kai ta wurin haɗa abinci, ta ja labule.

"Cire shi."

"Me, Anti?"

"Murmushin. Ajiye nan kusa da kofuna, ba mai sacewa."

Auta ta yi kuka har da majina. Anti ta tura keken abinci ita kaɗai, ta yi layinta ta yi na Auta, ta kai wa mai tumbi shayin da sai da ya hura.

Da suka sauka ta ce, "Gobe za ki zo, 'yata?"

"Ban sani ba, Anti."

"To ki zo ki gaya min ba ki sani ba."

Ta zo. Har yau tana zuwa, yanzu ma ita ke da yara a ƙarƙashinta.

Ke ce inuwa a saman gajimare, Anti. Kin ɗauki gajiyar kowa, ba mu taɓa tambayar inda kike ajiye taki ba. Sai ranar tashinki na ƙarshe, da fasinjoji suka gama fita, Auta ta kama hannunki, ta ja labule.

"Anti, cire shi."

Sun daɗe ba su fito ba.

Mun gode, Anti, Allah Ya huta gajiya. Duk mai yara a ƙarƙashinsa, ya koyi kallon kafaɗa, ya nemi labule.