Abin da Guga Ya Gani a Ƙarƙashin Gidaje

Guga ba sunansa na yanka ba ne, amma in ka shiga unguwar kana cigiya da sunan yankan, rana kawai za ka sha. Ka ce Guga mai yashe masai, ko akuya sai ta nuna maka lungun da gemunta.

Sana'ar gado ce. Ubansa ya yi, kakansa ya yi. Masana tarihin unguwar, waɗanda ba sa tuna ranar da suka ari tsanin maƙwabci amma suna riƙe da laifin kakan kowa, sun ce shi kakan ma a bakin rami aka tsince shi. Ta wajen uwa kuwa abin ya fi daɗi a bakinsu. Daga wani gida aka auro ta, irin gidan da ba a faɗin sunansa in akwai yara a wurin, kuma Guga ya iso duniya wata biyar bayan ɗaurin aure. Mutanen da ba su san shekarun 'ya'yansu ba, wannan wata biyar ɗin ba su taɓa kuskure shi ba.

Ga yadda aikin yake. In kana cin abinci, ajiye tukuna. Za a fasa murfin siminti a ja da baya, don numfashin farko da ramin zai saki yana iya kayar da jaki. Kyankyasai su fito runduna guda, jajaye, ƙosassu, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. A kwarara kananzir ya danne wari. A zura fitila da igiya: in ta mutu ba a shiga, in ta ci gaba da ci sai mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Na sama ruwa-ruwa ne, guga ke kwashe shi. Na ƙasa ya shekara yana daskarewa, sai da shebur, wani lungun ma sai da hannu, tsutsotsi masu wutsiya suna hawa ƙafar mutum suna gaishe shi. A cika duro, a ɗora a kura, a tura bayan gari. Masu gidan kuwa suna can nesa da hankici a hanci suna tofar da yawu, kai ka ce wani baƙo ne ya zo ya yi musu a ciki ya gudu.

Ubansa ya koya masa cewa ba a shiga rami da hankali ɗaya. Haka Guga ya shekara ashirin da biyu yana shan giya kafin ya sauka, yana sha in ya fito, daga baya yana sha ko babu aikin. Ya kwana a kwata. Ya cire wa wani direba haƙori biyu, ya yi wata uku a gidan yari, can ma da suka ji sana'arsa ba su bar shi ya huta ba.

Ranar da abin ya juya, a gidan wata tsohuwa mai sayar da gawayi yake aiki. Ya zura fitila ta mutu. Giya ta ce masa iska ce ta kashe ta. Ya sauka. Kafin ya cika guga ɗaya ƙirjinsa ya ɗaure, ya zube, ya nutse har haɓa. Bai san addu'a ko ɗaya ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi kusa ya koya masa. Abin da ya fito daga bakin nan mai warin giya shi ne, "Ya Allah, ni ne." Tsohuwa ta ga igiya ta miƙe, ta kwarma ihu, masu wucewa suka ja. Da suka ga abin da suka jawo, kowa ya saki ya kama gabansa. Ita kaɗai ta tsaya tana sheƙa masa ruwa. Da ya farfaɗo ta ba shi ruwa a kofinta na sha, ya kurɓa, ta karɓa ta shanye sauran.

Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya fito da kai bai toshe hanci ba. Ka je ka gode masa."

Yana da shekara arba'in ya koyi Fatiha a wurin limamin unguwa, baki yana harɗewa kamar na ɗan yaye. Giya kuwa tun daga ranar ko warinta ya ji sai cikinsa ya juya, mutumin da warin masai bai taɓa sa shi amai ba.

Shekara tara ke nan ba ya rasa jam'i in ba yana cikin rami ba. Ya fito, wanka uku da sabulu uku. Farce a yanke har nama. Kayan aiki a buhu a bayan gida, farar rigar salla a cikin leda a rataye. Ya shafa turare har matarsa ta yi atishawa. Duk a banza, don mutanen unguwar da ido suke jin wari. Butarsa a masallaci an ɗaura mata jan zare kada wani ya yi kuskure. In liman ya ce a daidaita sahu a cike giɓi, ko'ina kafaɗa na haɗuwa da kafaɗa, ban da inda Guga yake. Dama da hagunsa fili ne da za a iya ajiye keke. Telan unguwar, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, shi ya ce Guga ne kaɗai mai salla da mala'iku biyu masu ƙiba. Aka yi dariya, Guga ma ya yi. Ina zai kai fushi?

Sai wani ɗan kwangila a unguwar ya kawo wa masallacin sabon kafet.

Kore ne mai laushi, ƙafa na nutsewa a ciki. Da aka shimfiɗa, ɗan kwangila ya yi kwana uku yana tsayawa a ƙofa yana duban tafin ƙafar bayin Allah kamar mai sayen shanu. A rana ta huɗu magana ta fito: za a zauna bayan la'asar, a roƙi Guga ya riƙa salla a baranda. An ma saya masa tabarmar roba, don kada ya ce ba a kyauta masa ba.

Matarsa ce ta fara jin labarin, wajen ɗibar ruwa. Ta shigo ta dire bokiti har rabi ya zube.

"Baban yara, baranda? Wurin takalma? Kai da karen unguwa?"

"Allah yana baranda ma."

"Na sani! To su su fito barandar mana, su bar maka ciki. Yau dai ka buɗe bakin nan naka. Wa ya san su kamar kai? Kai ne ka ce mini a masan wani ka kwaso katunan shaida har goma sha ɗaya, kowanne da fuskar wani bawan Allah da aka yanke wa aljihu."

"Ban faɗa miki gidan wa ba."

"Shi ne haushina! Shekara goma sha biyar ina wanke maka wando, ko harafin farko ba ka ba ni ba."

Gaskiyarta. Abin da mutanen unguwar suka manta shi ne, masai ba ya cin komai sai abin da ciki ya riga ya ci. Sauran ajiya yake yi. Duk abin da mutum ya jefa yana waige-waige, yana nan ƙasa yana jiran shebur ɗin Guga. Ya ga allurai a gidan da ba mai ciwo. Ya ga layu da sunan maƙwabci a jiki. A gidan ɗan kwangila ya fito da hatimin wani ofishi har guda biyu da bai kamata a ce suna hannun ɗan kwangila ba. A gidan tela, kwalaben maganin tari ya kwasa, duro guda cur, a gidan da bai taɓa jin ko kaza ta yi tari ba. Akwai kuma abin da ya taɓa fitarwa daga wani gida mai doguwar katanga, ya naɗe a tsumma, ya kai bayan gari ya haƙa rami ya binne yana hawaye. Wannan ko matarsa ba ta ji ba.

Da la'asar ya tafi da niyyar shiru. Niyyar ba ta kai ƙarshen zaman ba.

Ɗan kwangila ne ya buɗe taro, da hankici a hannu. Ya ce shi ba ya ƙin kowa, kowa ɗan Adam ne, amma tsarki rabin imani ne. Ya ce kafet yana riƙe wari. Daga nan ya gyara murya ya ce, ban da ma wari, akwai maganar asali, don ruwa ba ya tsami banza, kuma kowa a nan ya san ta inda aka hau da ta inda aka sauka.

Tela ya karɓe. "Yallaɓai, a bar maganar asali. Mutumin da kakansa ya fito daga rami ai ya fi mu asali, saiwarsa ta fi ta kowa zurfi."

Masallaci ya ɗauki dariya. Liman ya ɗaga hannu ya ce shi dai a karatunsa bai ga inda aka ce a tambayi mutum sunan kakansa a ƙofar masallaci ba, kuma wanda ya tuba kamar wanda bai yi laifi ba ne. Guga ya ɗago kai. Sai liman ya dubi kafet, ya dubi fankar da ɗan kwangila ya sa bara, ya ƙara da cewa amma fa maslahar jama'a ita ma abar dubawa ce. Wato ya hau katanga ya zauna, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

Fushi ya taso wa Guga, irin wanda rabonsa da shi tun zamanin giya. Uwarsa ta rasu da carbi a hannu, kuma ba wanda ya je gaisuwa cikin masu dariyar nan. Ya miƙe.

"Malam, a ba ni dama."

"Bismilla."

"Duk wanda ke zaune a nan, na shiga masan gidansa. Wani sau biyu, wani sau biyar. Har ƙasa nake kaiwa, ba na barin komai." Ya dubi ɗan kwangila. Ya dubi tela. "Kuma ina da ido."

Ba a taɓa jin shiru irin wannan a masallacin ba, ko a sujada. Ana jin ƙarar fanka. Hankicin ɗan kwangila ya tashi daga hanci ya koma goshi. Wani dattijo a sahun baya ya tuna akwai abin da ya bari a wuta, mutumin da bai taɓa sanin hanyar kicin ba. Tela ya kafa ido a kan zanen kafet kamar an ba shi ɗinkinsa.

Maganar tana kan harshen Guga, a jere, gida-gida. Minti biyar sun ishe shi ya yashe unguwar kaf a tsakiyar sabon kafet. Sai ya tuna yadda aka jawo shi daga ramin tsohuwa, abin da ke jikinsa da abin da ke cikinsa, da cewa wanda ya ga wannan duka bai tona shi ba, ya ma ba shi shekara tara na goshi a ƙasa. Ya haɗiye. Da ƙyar ta wuce.

"Abin da na gani a naku," in ji shi, "shi ne a nawa. Shi ke nan maganata. In baranda kuka ce, baranda zan yi."

Ya zauna.

Ɗan kwangila ne ya fara samun murya. Ya ce a'a, a'a, ai ba a fahimce shi ba, shawara ce kawai, kuma ma kafet ɗin irin mai wankuwa ne. Nan take kowa ya zama masoyin Guga tun fil azal. Wanda ya sayo tabarmar roba ya ce dama don alwala ya saya. Liman ya sauko daga katanga ta ɓangaren da ya ga jama'a, ya yi addu'ar haɗin kai mai tsawo. Ayar 'yan'uwantaka da aka karanta musu shekara tara ba ta shiga ba, tsoron shebur ya shigar da ita a minti ɗaya. Guga da ya saba da wari iri-iri, wannan sai da ya sa shi fita ya tofar da yawu.

A gida matarsa ta ce, "To wa ka tona?"

"Ba kowa."

"Kai dai Allah ya shirye ka. An ba ka nama ka tsaya lasar wuƙa."

Da magariba ya koma, ya tsaya inda ya saba a sahu na biyu. Aka ta da iƙama. Filin dama yana nan, har ya fi na jiya faɗi, don yanzu tsoro ya haɗu da ƙyama. Yana shirin ɗaga hannu sai ya ji kafaɗa ta dafe tasa ta hagu, ɗan yatsan ƙafa ya taɓa nasa. Rabon da wani namiji ya jingina da shi da gangan tun ubansa. Bai waiga ba. Fatihar ma sai da ya sake ta daga farko.

Da aka sallame ya ga tela ne. Telan bai tashi ba, yana jan carbi, idonsa a gaba, bakinsa kaɗai ke motsi ta gefe.

"Guga."

"Na'am."

"Kwalba nawa ka samu a nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Tela ya jira har mutane suka ragu. Sannan ya rage murya.

"Na rantse da Alƙur'ani sau uku zan bari. Ko sati ba na kaiwa. Jiya na ɗinke wa wani hannun riga a wuya." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Kai yaya ka yi ka daina?"

"Ni ban yi komai ba. Kira na yi daga inda nake, aka ji."

"Ko da bakin nan nawa?"

"Nawa ya fi naka wari ranar."

Tela ya goge fuska da hannun riga. Guga ya miƙe yana gyara hula.

"Gobe ina da aiki gidan mai kanti, zan gama kafin azahar. Ka zo gida mu zauna. Amma ka bari sai na yi wanka na uku."

"In zo da sabulu?"

"Ka zo da kwalaben da suka rage. Ni na san inda ake zubar da irin wannan."