Faifai Biyu Iri Ɗaya a Kwamfutar Kawu

Kawuna mai buga wa mutane takardu ne. Shekara talatin yana rumfa ɗaya kusa da kotu, tun zamanin tafireta, shi ya sa har gobe Mai-Tafireta ake ce masa, ko da yake ya koma kwamfuta tuntuni. Har yanzu dukan madannai yake kamar sun yi masa laifi. Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Ka zo bayan shekara goma neman kwafin yarjejeniyar filinka, zai gyara zaman tabarau ya zaro maka ita.

Ni gyaran kwamfuta nake yi. Ni ne na dame shi cewa faifan ajiyarsa, wato had disk, ya tsufa, gara a ƙara na biyu a kwafe komai saboda ɓacin rana.

"Injiniya, mai lafiya za ka kai asibiti?" in ji shi. Amma ya yarda.

Na sayo sabo irin tsohon sak. Na kwance murfi, na hure ƙura, na ɗaure shi ƙarƙashin ɗan'uwansa, na jona wayoyi. Da na kunna, sai suka fito a allo da suna ɗaya. Kamata ya yi in duba lambar da ke jikin kowanne. Ban duba ba, ina ta zuba surutu, ina ji da kaina. Sai na kwafe wanda babu komai a kan mai komai.

Da na farga, aikin gama ya gama. Kwana uku ina fama, ko wasiƙa ɗaya ban ceto ba.

"Kawu, tsohon ne ya mutu ana cikin aiki," na ce. "Dama ya kusa."

Ya nisa. "Ka gani ko? Da tun bara na ji maganarka. Laifina ne."

Ban gyara masa ba. Tsoro ne ya kama bakina, ba wani abu ba.

Bayan mako biyu wata tsohuwa ta zo neman kwafin takardar gonarta. Ruwa ya lalata tata, ga shi ana jayayya da ita a kotu. Ina tsaye a wurin. Kawu, wanda bai saba sunkuyar da kai ba, ya ce, "Inna, ki yafe mini. Sakacina ne." Ta dube shi, ta juya ta tafi.

Yanzu duk abin da ya buga sai ya fitar da kwafi biyu. Duk ƙarshen mako yakan tako har shagona da ambulan a hammata.

"Riƙe mini, ɗana. Na daina yarda da na'ura, na daina yarda da kaina. Kai kaɗai ka rage mini."

Nakan karɓa da hannu biyu, amma ban iya kallon idonsa.